Hannun Baba a Bangon Kamfani

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya jikin Baba? Har yanzu hannun yana yi masa tsami in gari ya yi sanyi?

Yaya, gyara zama ki sha labari. Kin san wannan ne zangona na ƙarshe a makarantar zane, kuma da aikin ƙarshe ake ba mu takardar shaida. Malamin da ke duba mu, wanda muke kira Malam Tabarau, ya shekara yana koya mana yadda ake gane mai iko a cikin hoto: wa aka sa a tsakiya, wa aka ƙara wa tsawo, wa aka tura gefe, wa aka yanke gaba ɗaya. In yana zancen azzalumai har jijiyar wuyansa tashi take yi.

To, shekaranjiya ya shigo aji baki har kunne, wai an ba mu aikin zana bangon ƙofar kamfanin katako. E, wannan kamfanin dai, wanda zartonsa ya cinye wa Baba yatsu uku, aka ce sakacinsa ne, aka sallame shi ko sannu babu.

Mai kamfanin da kansa ya zo ya faɗi abin da yake so: shi a tsakiya, ma'aikata kewaye da shi suna dariya, hannuwa a sama. Na zuba wa Malam ido ina jiran ya tanka. Wallahi shi ya buɗe masa ƙofar mota da zai tafi. Ni kuwa na danne, na ciki na ciki.

Da aka nemi wanda zai kankare bangon ya yi masa shafen farko, aikin da kowa ke gudu, na ɗaga hannu. Kar ki gaya wa Baba komai tukuna.

Ki shafa mini kan yara.
Taki har kullum,
Auta

Yayata ta kaina,

Sallama da fatan alheri. Na ga saƙonki, na kuma ji daɗi da kika ce Baba ya fara fita masallaci da ƙafarsa. Faɗan da kika yi mini ma na ji. Kin ce in bar wa Allah, in karɓi takardata in dawo gida. Ai ko Allah cewa ya yi tashi in taimake ka.

Bari in faɗa miki abin da na yi, tunda ya riga ya wuce. Tun a ajin farko aka ja mana kunne cewa ba a shafa fenti a kan kwalta. Ko shafe nawa aka yi, da zafi ya buga sai ta huda ta fito. Ni kaɗai aka bari a bayan tamfol ɗin da aka rufe bangon da shi, sauran suna aji suna gardamar launin rigar mai kamfani. Na sayo kwalta a gwangwani, na zana hannun Baba, girmansa ya kai ƙofar ɗaki, daidai inda fuskar mutumin za ta zauna. Ban nemi hoto ba. Ni nake wanke masa ciwon nan lokacin da ke kike aikin abinci, na san kowane ɗinki. Da ya bushe na bi shi da farin fenti har ya ɓace.

'Yan ajinmu sun yi aiki, ba laifi. Sun rage masa tumbi, sun ƙara masa tsawo, sun ba shi haƙoran da ko yana saurayi bai da su. Ranar da aka yaye tamfol babu wanda ya kai ni tafi. Malam har ya yaba mini, wai ban taɓa ba shi kunya ba.

Ina tsoro, Yaya, ba zan ɓoye miki ba. Amma rabon da in yi barci mai daɗi irin na kwanakin nan tun kafin a sallami Baba.

A gaida kowa da kowa.
Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyarku duka. Ni lafiyata ƙalau, sai abin da ba a rasa ba.

Zafi ya shigo, hannu ya fito. Da fari kamar inuwa, daga baya baƙi ƙirin, babban yatsa da ƙarami a miƙe, dungulmi uku a tsakani, ya rufe fuskar mai kamfani ruf. Suka sa aka shafe, ya dawo. Suka sake, ya sake dawowa. Tsofaffin ma'aikata sun gane shi, yanzu masu wucewa tsayawa suke suna ɗaukar hoto. Har Malam an gani yana ɗauka, wataƙila zai koyar da shi baɗi.

Aka kira ni gaban kwamitin ladabtarwa. A bakin ƙofa Malam ya tare ni yana share gumi, yana roƙona in ce kuskure ne, tsohuwar kwalta ce a bangon ban kankare da kyau ba. In na faɗi haka, ya ce, za a ba ni takardata a rufe maganar. Na shiga da niyyar faɗin hakan, don na tuna wahalar da kika sha a kan karatun nan. Sai na ga mai kamfanin a cikinsu, a hakimce yana kaɗa ƙafa.

Na ce, "Ba kuskure ba ne. Hannun babana ne."

Ya ce, "Wane ne baban naki?"

Na faɗi sunansa, da injin da yake kai, da shekarar da abin ya faru. Ya waiwaya ya dubi manajansa, manajan ya taɓe baki. Yaya, ba ƙarya suke yi ba. Ba su tuna shi ba ne kawai. Wannan ya fi korar da aka yi mini ƙona mini rai.

Takarda dai ta tafi, ki yafe mini. An ce za su fasa simintin bangon su yi sabon yaɓe. Su fasa. Rabin gwangwanin yana nan a ƙarƙashin gadona, kamfanin kuma bango huɗu gare shi.

Yanzu ki gaya wa Baba, ki karanta masa daga farko, kar ki tsallake komai.

Allah ya sada mu da alheri.
Ƙanwarki mai taurin kai,
Auta