Kwalbar da Kinka Binne Bayan Rumbu

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar ɗiya ga mahaifiyarta, ina fata kina cikin rahamar Ubangiji. Damina uku ke nan da anka kai ki makwancinki a Matankari.

Inna, ban manta da 'yar kwalbar nan ba. Da kinka fara ganin jini, lokotoro a asibitin Dogon Dutsi ya ba ki ita, ya ce ki kawo bayan gida a auna. Kinka karɓa da hannu biyu, kinka yi godiya. Muna isa gida kinka binne ta bayan rumbu. Kin ce mace mai surukai ba ta miƙa ma namiji irin wannan abu. Na gani, na yi shiru. Sai da ciwon daji ya cinye hanjinki sannan munka san sunansa.

Bana ni ma na ga jini.

Kada hankalinki ya tashi. Na kai tawa kwalbar da rana tsaka, kaina a ɗage. An tura ni Yamai, an yanke wurin, an ce na zo da wuri.

Jikarki Zara'u, mai karatun jinya, ta karanta mini wani abu a wayarta. Akwai maganin da ke tada ƙarfin jiki ya yaƙi ciwon da kansa, amma ba kowa yake yi ma aiki ba. Masana na binciken ko ƙananan halittun cikin hanji, waɗanda ido ba ya gani, za su ƙara mai ƙarfi. Har suna gwada ɗibar na mai lafiya daga bayan gidansa a sa ma marar lafiya. Ba su gama ba, bai kuma iso mu ba.

Bokona bai yi nisa ba, amma tun ba ta rufe baki ba na gane. In madarar maƙwabciya ta ƙi kamawa, ke ce mai aika mata ludayi guda na tsohon nononki, washegari ta yi tsami. Kina cewa mai kyau shi ke gyara ɗan'uwansa. Ashe, Innata, cikin abin da kinka ji ma kunya ake neman magani.

Lokotoro ya ce a duba 'yan'uwana su ma. Autarki Hadiza ta ƙi. Kunyarki ta gada, har da yadda kike sunkuyar da kai. Jibi zan tafi wurinta a Tibiri da kwalba cikin jakata. Na yi shiru sau ɗaya, na rasa uwa. Ba ni barin gidanta sai ta shiga mota tare da ni.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya yafe mini wancan shirun, ya bar mini Hadiza. Amin.

Ɗiyarki,
Rabi