Makarar da Na Aro Ta Haɗa Ni da Inna

Anti Aina'u, don Allah ki taimaka mini, kaina ya kulle.

Ni malamin Hausa ne a wata sakandare a yankin Makoda. A hutun da ya wuce na je Kano sauraron laccar wata farfesa baƙuwa daga ƙasar waje, dattijuwar da ta ƙarar da ƙuruciyarta tana yawon ƙasashe tana shirya wasan kwaikwayo irin na Girkawan dā. Ta ce su a fili suke yi, ga 'yan amshi suna waƙa suna tsoma baki a labarin. Ba sa kashe mutum a gaban 'yan kallo, sai dai wani ya shigo ya ba da labari, wani lokacin a turo gawar a gani. Wallahi tana magana ni ina hango masussukar garinmu. Da aka tashi na tare ta na gaya mata, ta yi alkawarin zuwa kallo bayan girbin dawa, kafin ta koma ƙasarsu.

Na rubuta wasana, na tara samarin gari. Ranar gwaji na ce a yi komai sosai. Muka ɗauko makarar masallaci, ladan ya tafi kasuwa balle mu tambaya. Ƙanena Al-Amin ya kwanta, muka lulluɓe shi da farin yadi, muka fito daga zaurenmu. Anti, kin san mutanenmu, ba a ganin makara a zauna. Masu shayi suka miƙe, masu yankan dawa suka yar da lauje suka biyo mu suna salati. Kunya ta hana ni gaya musu wasa ne. Muna sauke shi ana shirin ja sahu, sai Al-Amin ya tashi zaune yana atishawa. Wasu har yau ba su koma neman takalmansu ba.

Kafin nan labarin wai Al-Amin ya rasu ya riga ya iske Inna, mahaifiyarmu, tana gidan barka. Nan take ta yanke jiki ta faɗi. Ta farfaɗo, amma ba ta amsa gaisuwata, tuwon da matata ta aika ma dawo da shi take yi. Wai na yi wa ɗanta fatan mutuwa, kuma a makarar aka ɗauki yayanmu bara waccan. Ta ce muddin na sake tara yara ba da yawunta ba. Ni kuwa ban yi don mugunta ba! Mutanen garin nan ba su taɓa ganin wasa irin wannan ba, kuma na ƙudurta sai sun gani. Dawa ta kusa shiga rumbu, baƙuwa na hanya. Yaya zan yi in yi wasana ban rasa Inna ba?

Malamin Ƙauye, Makoda

Malam, na yi dariya, daga baya kuma tausayi ya kama ni. Aniyarka mai kyau ce, ba zan ce ka bari ba. Garin da ya san tashe da waƙar 'yan amshi ba zai rasa gane wasanka ba.

Amma ka lura da yadda ka ambaci rasuwar yayanku a gurguje, kamar wani ƙorafin Inna ne kawai. Nan ciwon yake. Kai gwaji ka yi, ita kuwa mutuwar ɗa na biyu ta ji a jikinta, kuma farfaɗowarta ba ta goge wannan ba. Kada ka je mata da bayanin Girkawa. Nemi ƙaninta ko wata aminiyarta da take jin nauyi su raka ka, ka durƙusa ka ba ta haƙuri tsakani da Allah, kada ka saka maganar wasa a ranar. Liman da ladan ma ka je ka same su, haka mutanen da suka bar aikinsu don neman lada.

Makara kuma ta fita daga wasan har abada. Farfesar da kanta ta ba ka mafita: mutum ɗaya mai iya baki ya shigo ya faɗi yadda aka mutu, 'yan amshi su karɓa. Al-Amin ka ba shi wannan matsayin, a gan shi tsaye da ƙafafunsa.

Idan Inna ta huce, ka zauna ka ba ta labarin wasan tun daga farko, sannan ka nemi izininta. In ta amince, shimfiɗa mata tabarma a gaba. In ba ta amince bana ba, kira baƙuwarka ka gaya mata gaskiya, ka ɗage zuwa baɗi. Ba fasawa ka yi ba. Masussuka za ka same ta duk kaka, amma ba ka da tabbacin kaka nawa suka rage maka tare da Inna.

Allah Ya huci zuciyarta, Ya sa da albarkarta za ka buɗe wasan.

Aina'u