Sauran Gafi a Kalwa

Inna,

Assalamu alaikum. Na san ba mai kai miki takardar nan, ke da ko da ranki sai an karanta miki. Amma ina da labarin da ke kaɗai nake so ki ji.

Tun bayan sadakar arba'in ɗinki matan Rurum suke tambaya ko daddawa ta ƙare a gidanmu. Matar Yaya Sani ta ce a sayar da tukwanenki, wai ni 'yar boko ce, ban san kan aikin ba. Raina ya ɓaci. Na auno kalwa, na dafa, na surfa, na wanke, na rufe ta da buhu yadda kike yi.

Kin tuna faɗan da kike mana idan muka ce abu yana wari? A wurinki wari kalmar malalata ce. Na kifi da jini ƙarni ne, na tuwon da ya kama ƙauri, na shimfiɗar yara zarni, na naman da ya kwana bashi, na ɗanyen wake gafi. Malaminmu na Hausa a Rano ya ce almiski da ambar aro ne daga Larabci, waɗannan kuwa namu ne na gado. Ni a bakinki na fara jin su.

Ga abin da ban taɓa gaya miki ba. Ina sakandare wata ta ce hijabina yana warin daddawa, na ce ai maƙwabta ne suke yi. Na ji kunyar sana'ar da ta saya mini hijabin. Kin yafe mini, Inna?

Rana ta uku da rufe kalwar aka taru za a buɗe, domin Hajiya Asabe mai sari a wurinki ta taso tun daga Kibiya a babur. Na ɗaga buhun na sunsuna, na ji sauran gafi. Kowa ya ce ta yi. Na mayar na rufe, Hajiya ta koma hannu rabbana, matar Yaya tana ta hararata. Washegari gafin ya tafi, hamamin nan mai shiga ido ya taso. Na daka, na mulmula, na shanya.

Jiya Hajiya ta dawo. Ta gutsuri ɗaya ta kai hanci, sannan ta share hawaye ta kwashe duka. Wallahi kaina ya fasu, ban ma ɓoye ba. Yau da safe matar Yaya da kanta ta auno mini kalwa.

Allah ya kai haske kabarinki.

'Yarki Talatu, mai daddawar Rurum.