Ruwan Sama a Shuɗin Duro

Shoshong, farkon Satumba

Zuwa ga 'yata Boikhutso,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya aikin asibiti, yaya zafin Kasane? Mu nan lafiya lau, ƙafar mahaifiyarki ma ta yi sauƙi.

Labarin da zan ba ki ba mai daɗi ba ne. Akori-kurar marigayi babanki ta kwanta. Ƙanenki Ontiretse yana dawowa daga rugar shanu allurar zafi ta haye ja, tururi ya turnuƙe, ta mutu a tsakiyar hanya. Jakunan maƙwabta ne suka jawo ta gida, yara na biye suna tafi. Ga shi wata mai zuwa za a yaye mayafin dutsen kabarinsa, kuma kin san mahaifiyarki ta rantse motarsa ce kaɗai za ta ɗauko dutsen daga Mahalapye. Ontiretse ya ce mini, "Malome, kawuna, wannan gwangwanin fa ya bi mai shi. Mu nemi babbar mota kawai." Ita kuwa sai ta tashi ta goge gilashin motar da bakin zanenta.

Sai na ɗauko sifanoni. Kin tuna abin da nake nanata wa ɗalibaina a makarantar koyon sana'a, har ke ma kika haddace kina tsaye kan akwatin lemo kina leƙen injin? A fara da mai sauƙi. Batir da ƙarfinsa, fanbel bai tsinke ba. Amma in an murɗa makulli sai injin ya yi nishi ya ƙi juyawa. Na zaro sandar awon baƙin mai, na ga ya koma kalar shayi da madara. Na kwance fulogai, na sa Ontiretse ya leƙa, na murɗa makulli. Ruwa ya yi tsartuwa daga silinda ya wanke masa fuska. Mahaifiyarki ta yi dariya, karon farko tun rasuwar.

Gaskit ɗin kan injin ne ya ƙone, ruwa ya shiga inda wuta ke zama. Wannan mai sauyuwa ne. Abin da ke damuna shi ne me ya sa ta yi zafi tun farko, motar da ta kai mu ruga kowace Kirsimeti kuna maƙare a baya da kankana da kaji, ba ta taɓa ko tari ba. In ban gano ba, sabon gaskit ma zai ƙone, wataƙila da dutsen a bayanta.

Ki riƙa cin abinci a kan lokaci.

Kawunki,
Gaolatlhe

Shoshong, ƙarshen Satumba

'Yata Boikhutso,

Ina gaishe ki ƙwarai, tare da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Wasiƙarki ta iso, an karanta wa mahaifiyarki har ta gajiyar da mai karatun.

Na gano! Da na sauke lagireto sai na ji shi da nauyi kamar an cika shi da yashi. Na haska ciki, duk hanyoyin ruwan sun toshe da farin ɓawo mai tauri. Na tambayi Ontiretse wane ruwa yake zuba mata. Ya ce, "Na burtsatsen ruga mana, Malome. Shanu ma suna sha, ita 'yar gidan wa ce?"

Nan na zauna a kan taya. Kin san ruwan rugarmu, zartsi ne, ko a tukunya fari yake bari. Kin kuma tuna shuɗin duron nan na ƙarƙashin indararo, wanda babanki ya yi wa kwaɗo? Ruwan sama kaɗai yake ba motar nan. Ya sha faɗa muku dalili, ku kuna ta dariya. Shekarar fari mahaifiyarki kan ce masa, "Rra Boikhutso, baban yara, mu mu sha mai gishiri, gimbiya ta sha na sama, ko?" Shi kuma ya ce, "Mma, ke kina da ƙoda, ita ba ta da shi."

Mun wanke lagireto, mun sa sabon gaskit da sabon mai. Ontiretse da hannunsa ya ɗaure kusoshin kan injin, daga tsakiya zuwa gefe, yadda na nuna masa. Hannun babanku gare shi, 'yata, haƙurin ne bai gama zuwa ba. Da aka zo zuba ruwa na ce sai an je gari an sayo tataccen ruwa, tunda damina da sauranta. Sai mahaifiyarki ta kwance makullin duron daga gefen zanenta ta miƙa wa Ontiretse. Duron cike yake fal. Ashe duk daminar bara, bayan mun binne babanki, in hadari ya taso takan fita ta buɗe murfin, in ruwa ya ɗauke ta rufe.

Bugu ɗaya motar ta tashi. Jiya muka je Mahalapye, mahaifiyarki a gaba, allura ba ta ko motsa daga tsakiya ba. Dutsen yana gida, lulluɓe da bargonsa.

Ki sanar da mu motar da za ki biyo, da motar babanki za mu tarye ki a tasha. Wurinki na baya yana nan, sai dai ki ɗan matsa wa jarkar ruwan sama. Ontiretse ya ce ba ya ƙara fita babu ita.

Kawunki mai ƙaunarki,
Gaolatlhe