Ranar da kika ce bari in gyara

Zuwa ga 'yata Rifkatu, a Dogondutsi.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da aikin asibiti. Mu nan unguwar Banifandu a Yamai sai godiya. Mamanki na gaishe ki.

Kin san ni da rubutu ba mu shiri, sai dole. Amma abin da na yi miki a gaban jama'a na yi shi, shi ya sa na kawo wasiƙar nan inda kowa zai karanta.

Na gaji, Rifkatu. Shekara talatin ke nan ina jera sarki da sarauniya da dawaki a kan tabur, ina koya wa 'ya'yan mutane eshek, darar Turawa. Idona ya fara gardama, bayana ma haka. Yara suna zuwa, su iya, su girma, su tafi. Wani ya zama direba, wata tana sayar da atamfa a Babbar Kasuwa, in mun haɗu su ce mini Mushe, wato malam da Faransanci, su wuce. Ban ƙi ba, haka aikin yake.

Kina da shekara biyar kika fara hawa cinyata kina tura mini sojoji. Na koya miki dokar farko, duk abin da hannu ya taɓa, shi za a tura. In ɗa ya karkace kana son daidaita shi kawai, sai ka fara cewa "jadub" da Faransanci. Ke kuwa kalmar dariya take ba ki, har ki faɗo ƙasa. Ni da bakina na ce to bar ta, ki riƙa cewa "bari in gyara". Shekara goma haka muke yi a gida.

Sai ranar wasan ƙarshe na 'yan mata, wanda mai nasara za ta je waje da sunan Nijar. Masu sanin dokar eshek a Yamai lokacin ba su da yawa, aka ce ni ne alƙali, ga 'yata a kan tabur. Tun safe nake jin ƙus-ƙus a bayana.

Kina gaba a wasan, kowa ya gani. Dokinki ya karkace, kika miƙa hannu kika daidaita shi. Abokiyar wasanki ta ɗaga hannu, ubanta ya miƙe tsaye, ɗakin duka ya juyo yana kallona. Na ce, "Ban ji jadub ba."

Dole kika tura dokin, sarauniyarki ta tafi a banza. Kika ba yarinyar hannu, kika fita. A taksi ba ki yi kuka ba, da ma kin yi. Tun ranar ba ki sake taɓa eshek ba.

An yabe ni, kai, an yabe ni har na ƙoshi! Wai Mushe Yohanna ko 'yarsa ba ya ragawa. Ni ma na yi shekara goma sha biyu ina gaya wa kaina ban yi ƙarya ba, ai jadub ɗin ba a faɗe ta ba.

Asabar da ta wuce wata yarinya a wajena ta gyara sarkinta, ta ce "bari in gyara" da Zabarmanci. Na gyaɗa kai, wasa ya ci gaba. Sai da na zo tattara kaya na zauna a kan banci, na tuna ranar wasanki. 'Yar wani na yi wa adalci ba tare da ko tunani ba.

Kowace Lahadi bayan sujada kina kirana, mu yi maganar zafi da ciwon ƙafar mamanki, mu ajiye waya. Ladabinki bai taɓa raguwa ba, shi ne ma ke ci mini rai. Ba ina roƙonki ki dawo wasa ba ne, wannan na riga na kashe shi da hannuna. 'Yata nake nema.

Ina tsaye taku biyu daga kujerarki ranar nan. Kin ce "bari in gyara". Na ji ki, Rifkatu, na ji sarai. Tsoron bakin mutane ne ya fi ƙarfina.

Ubangiji ya kiyaye ki, ya albarkaci hannuwanki a kan marasa lafiya, ya ba ki zuciyar yafe mini tun ina raye.

Babanki,
Yohanna