Layukan da Suka Kwanta a Gicciye

Kawu,

Ina gaisuwa da fatan gwiwar ta yi sauƙi. Ni kam hankalina a tashe yake. Ranar Litinin zan kare aikina a gaban malamai, ga taswirata ta lalace. Ka tuna tarin taurarin da nake nazari, wanda baƙin ramin tsakiyarsa yake feso wuta hagu da dama? A irinsa, layukan maganaɗisu bin feshin suke yi a miƙe. Nawa duk sun kwanta a gicciye kamar matakan tsani. Mai duba aikina ya yi tafiya. Na rubuta takardar janyewa, saura in miƙa. Ka taya ni faɗa wa Mama, ni ba zan iya ba.

'Yarka.

Sarkin Tambaya,

Na amsa gaisuwa. Gwiwa tana nan da halinta, ta fi ni taurin kai. Ban faɗa wa uwarki komai ba, kin san yanzu sai ta ɗauki jaka ta tafi wurinki.

Ajiye takardar nan tukuna. Na koyar da wannan darasi har furfura ta kama ni: faifan rediyon da ake nazarin taurari da shi ba ya ganin maganaɗisu, jijjigar lantarki yake aunawa. Maganaɗisun yana gicciye da ita, shi ya sa ake juya kowane layi digiri casa'in. Na san ba za ki manta ba, ke da kike komawa duba ƙofa bayan kin kulle. Abin da nake tsoro ke nan. Je ki tambayi mai kula da manhajar ɗakinku ko ita ma tana juyawa da kanta. Sanda idan an yi mata wannan juyin sau biyu, inda ta fara take komawa.

Allah ya yi albarka.
Kawunki.

Kawu!

Gaisuwa a tsaye. Na sami mai kula da manhajar yana shan shayi, ya ce, "Au, ba ki ga sanarwar ba? Sabuwar manhajar ai tana juyawa." Na cire nawa juyin. Wallahi layukan nan suka miƙe suka bi feshin tiryan-tiryan! Na zauna a ƙasa ina dariya har mai shara ta leƙo ko lafiya. Takardar janyewa tana kwando.

'Yarka.

Sarkin Tambaya,

Madalla. Yanzu na faɗa wa uwarki. Ta ce ba ta gane ko kalma ɗaya ba, amma ki ci abinci.

Kawunki.