A Sa Sunana a Allon Carrig

Yaya Nuala,

Ƙaninki Fintan ne ke gaishe ki daga Hokkaido, can ƙasar nesa inda nake zaune yanzu. Yaya ƙafar Mama? Allah ya ƙara mata sauƙi.

Kin san ni. Ina ɗan shekara sha biyar na bar makaranta na fara kwasar kashin dawaki a Kildare, ba wanda ya tsaya mini, har na zama shugaban barga. Carrig, dokin da kowa ya ce ba zai hawu ba, ni na hore shi.

Kada ki damu, lafiya lau nake. Yatsuna ne kawai ba sa lanƙwasuwa da safe saboda sanyi.

Abin da na yi kuwa yana cina har yau. Ranar sukuwar da ta jawo mini kora, na san Carrig yana tari, sai na ciro waya a filin, na shiga dandalin intanet da 'yan caca ke karawa da junansu, na sa kuɗi cewa ba zai ci ba. Doka ta yarje wa kowa, ban da mai kula da dokin, kuma na sani. Da asirina ya tonu aka kore ni daga sana'ar, maigidana Hession ya ce, "Kai, ɗan banza! Ka rene shi kamar ɗanka, sannan ka sayar da tarinsa?"

Na ji bana Carrig ya ci babbar gasa, za a kafa allon tagulla a bargarsa da sunayen waɗanda suka kula da shi. Ki je ki sami Hession. Ba gafara nake nema ba. A rubuta Fintan Considine, ko da a can ƙasan kowa ne.